Shi ya ce lafiyarshi lau, mu kuma a gida muna ganin wani abu daban

Tambaya: Salamu alaikum likita, daga nan Maradi nike. Ƙanena muka kai wajen likitan ƙwaƙwalwa saboda faɗa da kowa da zargin mutane, aurenshi biyu sun mutu. Da aka yi mai tambayoyi ya ce shi ba ya da matsala, sai likita ya ce a kawo mahaifiyarmu da abokin sana'arshi. Ƙarya ake ganin yana yi kenan?

Amsa: Wa alaikumus salam ƴar'uwa, Allah ya ba shi lafiya. A'a, ba zargin ƙarya ba ne. Matsalar ɗabi'a ba kamar zazzaɓi ba ce da mutum zai ji jikinshi ya canza, da ita ya tashi, shi a wajenshi halinshi daidai yake, mutane ne ke cutar shi. To wanda ya yi imani ana mai makirci in ka tambaye shi "kana yawan zargi?" da zuciya ɗaya zai ce a'a.

A 2002 wasu masana a Amurka, Klonsky da Oltmanns da Turkheimer, sun tattara binciken da aka yi kan wannan, suka ga daidaituwar abin da mutum ke faɗi da abin da makusantanshi ke faɗi a matsakaici wajen 0.36 ce kawai, alhali 1 ce cikakka. Inda aka fi samun saɓani shi ne ɗabi'ar jin kai da ganin an fi kowa.

Amma kar ki ɗauka ku ne ke da gaskiya duka. Fargaba, jin ba shi da daraja, tsoron a guje shi, wannan shi kaɗai ya san su, ku kun ga ya jefar da kwanon tuwo ya buga ƙofa ya fita, abin da ya ji a ƙirjinshi kafin nan ba ku gani ba. Kuma ƴan gida ma suna da nasu, uwa za ta rufa asiri don kunya, matar da ya saki za ta yi magana da ɓacin rai, shi ya sa likita ke son bakin mutum biyu, har da na kasuwa da ke ganin yadda yake da masu saye.

Abin da nike roƙonki, in kun je kar ku ce "mugun hali gare shi". Ku faɗi abin da ya faru, yaushe, da wa, tun yana shekara nawa, don tsarin Hukumar Lafiya ta Duniya da ya fara aiki a 2022 yana duban halin da ya daɗe, kamar shekara 2 ko fiye, kuma yake fitowa a gida da waje. Kuma ku gaya mai za ku je, kar ya ji a bakin wani, mai zargi in ya ga an yi a bayan idonshi da wuya ya sake komawa asibiti.