Gas ɗin firiza ba fetur ba ne, Alhaji

Wani ɗan kasuwa ya rubuto daga Agege a Legas yana cewa: "Ina da shagon lemo da fiya wata, firiza uku da firij ɗaya mai ƙofar gilashi. Ƙanin matata ne ke zama a shagon, ni ina Mile 12 wajen albasa. Cikin wata takwas an zuba gas sau huɗu ko biyar, kowane zuwa kusan naira 20,000, an canza kwamfireso sau biyu a kan 70,000 kowanne, amma har yanzu da rana lemo ba ya sanyi. Ina so in ci bashin miliyan biyu in sayi sababbi uku in shiga sana'ar ƙanƙara kafin azumi, an ce akwai kuɗi. Mece ce shawararka?"

Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Duk wasiƙar nan taka kalma ɗaya ce ta tsaya min a wuya: "huɗu ko biyar". Mutumin da ba ya barin a saye masa buhun albasa sai ya ƙirga kuɗin sau biyu, shi ne bai san sau nawa aka cire dubu ashirin daga shagonsa ba. Ban kuma ga inda ka ce wace firiza aka zuba wa gas ɗin ba. Ɗaya ce ta sha sau biyar, ko zagayawa ake yi da su? Ba ka faɗa ba domin ba ka sani ba. Ana buga maka waya a ce "Yaya, gas ya ƙare", ka ce a ɗauka a ciniki, shi ke nan magana ta mutu. In na haɗa abin da kai da kanka ka lissafa, kuɗin ya kai naira 220,000 zuwa 240,000, kuma ba ka da ko ƙyallen takarda a kansu.

Bari in faɗa maka abin da ya kamata mai gyaran ya faɗa maka tun zuwan farko. Gas ɗin firiza ba ya ƙarewa. Ba ƙona shi ake yi ba kamar fetur ko gas ɗin girki, zagayawa yake yi cikin rufaffen bututu, ya fita ya dawo, shekara da shekaru. Duk ranar da ya ragu, to akwai huda. Wanda ya zuba sabo bai nemo hudar ya liƙe ba, ruwa yake zuba maka a kwando, kuma ya san bayan wata biyu za a sake kiransa. Aikin gaskiya yana da kama: a bi mahaɗar bututu da ruwan kumfa har a ga inda yake tasowa, a liƙe, a canza ɗan matacin nan na jan ƙarfe da suke kira diraya, a zuƙe iskar ciki da inji, sannan a zuba gas irin wanda aka rubuta a jikin kwamfireso, wato injin da ke tura gas ɗin yana zagayawa. Wasu R134a ne, yawancin sababbi R600a, kuma ba a musanya su. Na biyun ma yana kama wuta, shi ya sa ba kowane yaro mai silinda a bayan acaɓa za ka bari ya kunna wutar walda kusa da shi ba.

Daga ina hudar take zuwa? A shagunan lemo na fi ganin ta daga wuƙa. Na taɓa zama a shagon wani abokina a Idi-Araba, yaronsa ya buɗe firiza, ledojin fiya wata sun manne da bango, ya jawo wuƙar yanka burodi yana sara. Sai muka ji "fssss" siriri, kamar tayar keke ta taka ƙusa. Yaron ya mayar da murfi a hankali ya koma kan bencinsa. Da ba ma wurin, washegari labarin da mai shago zai ji shi ne gas ya ƙare. Bututun sanyi yana nan dab da bayan bangon ciki. In ƙanƙara ta yi kauri, a kashe firiza, a bar murfi a buɗe, a sa roba da ruwan ɗumi a ciki. Sauran hudar kuma tsatsa ce, kuma Legas da laimarta ba ta raga wa ƙarfe, balle firizar da aka dasa a kan jiƙaƙƙen siminti. Ka ɗora su a kan katako.

Sai kwamfireso, inda kuɗin ya fi tafiya. A nan ni ma an taɓa yi min, ba zan ɓoye ba. Firizar gidana ta riƙa yin gurnani na 'yan daƙiƙu sai ka ji "ƙas", ta yi shiru, bayan minti biyu ta sake. Mai gyara ya taɓa ya ce ya ƙone. Na biya, ya ɗaura wani, ya saɓa tsohon a kafaɗa ya tafi da shi. Sai daga baya wani dattijon makanike ya nuna min cewa wannan ƙarar sau da yawa ta rile ce, wani ɗan abu kamar kwalin ashana da ke maƙale a gefen kwamfireso yana tayar da shi, kuma kuɗinsa bai kai ko kashi ɗaya cikin goma na abin da na biya ba. Ya ciro wani lalatacce ya girgiza min a kunne, yana ƙara kamar an zuba tsakuwa a ciki. Tun ranar ba wanda ke fita da tsohon kaya daga gidana. To naka guda biyun da aka ce sun ƙone, suna ina? Wa ya gan su?

In ma da gaske sun ƙone, akwai abin da ya ƙona su, kuma zai ƙona sababbin da kake shirin ciyo wa bashi. Wutar da ta zo ba ƙarfi tana sa kwamfireso ya yi ta yunƙuri yana zafi. Haka in an ɗauke wuta aka juya kan janareta nan take: yana buƙatar kamar minti biyar kafin a sake tayar da shi, domin matsin gas ya daidaita. Kuma a lokacin tashi yana jan wuta ninkin-ba-ninkin abin da yake ci in ya kama aiki, don haka firiza uku da firij su tashi lokaci ɗaya a kan ƙaramin janareta azaba ce. A kunna su ɗaya bayan ɗaya, kowace da sitabilaiza mai jinkirin tashi.

Rashin sanyi da rana kuwa, je ka duba da kanka ranar Lahadi, ba sai an kira kowa ba. Ka rufe murfi a kan takardar naira ɗari, ka ja. In ta zare ba gardama, robar ƙofa ta mutu, sanyi na zuba waje. Ka leƙa baya: akwai tazarar da hannunka zai shiga tsakaninsu da bango, ko an matse su an jibga katan-katan a kan ramukan iska? Ƙurar da ke kan bututun firij ɗin gilashi, yaushe rabon a goge ta? Lemon da aka sauke daga mota da zafin rana, da tsakar rana ake cusa shi ko da daddare? Firizar da ba ta hutawa wuta take sha ba ƙaƙƙautawa. A watan Afrilun 2024 an ɗaga kuɗin wutar masu rukunin A, wato waɗanda aka fi ba wuta, daga kusan naira 68 zuwa 225 kan kowane yunit, fetur kuma kai ma ka san inda ya nufa tun da aka cire tallafi a Mayun 2023. Robar ƙofa ɗaya tana iya cinye ribar katan da yawa ba ka ji ba.

Ban ce ƙanin matarka ɓarawo ne ba. Mai yiwuwa shi ma yi masa ake yi, mai yiwuwa wuƙar a hannunsa take yana jin kunyar faɗa, mai yiwuwa kuma suna kashewa su raba da mai gyara. Ban sani ba, kai ma ba ka sani ba, kuma kai ka jawo. Ka sa yaro a inda ba a tambayarsa, ga surukuta ta ɗaure maka baki, kana tsoron a ce ka zargi ɗan'uwan uwargida. Littafi shi ke raba wannan kunyar. Ka sayi na 'yan makaranta, ka rubuta 1, 2, 3, 4 a jikin injinan, kowanne da shafinsa: ranar da ya lalace, me ya yi, wa ya gyara, me aka canza, nawa aka biya. Ba a biyan mai gyara daga kuɗin ciniki, kai za ka tura masa ta banki bayan an aiko maka hoton aikin, tsohon kaya kuma ya kwana a shago. Wanda ya zuba gas ya amince cewa in ya zube cikin wata uku shi zai dawo kyauta. Wanda ya ƙi wannan sharaɗin ya riga ya faɗa maka irin aikinsa. In littafin ya nuna firiza ɗaya ce ke shan kuɗin, kuma hudar tana can cikin bango inda ba a isa a kai ba, ita kaɗai za ka sayar wa 'yan gwangwan ka maye gurbinta.

Zancen ƙanƙara kuwa, "an ce akwai kuɗi" ba lissafi ba ne. Wa ya ce? Ƙanƙara tana tsada ne a daidai lokacin da wuta ba ta zama, wato kai ma da fetur za ka daskarar da ita, kuma firizar gida mai cike da ledojin ruwa sai ta kwana ta wuni tana aiki kafin su kama. Azumi kwana talatin ne, kowa kuma a lokacin yake tunawa da sana'ar. Ruwa ya sauko a Legas kasuwar ta kwanta, mai bashi kuwa ba ruwansa da damina.

Ka ajiye maganar miliyan biyun nan. Ka riƙe littafin wata uku, ka ƙara da na fetur da na katin mita, ka turo min shafukan. In lemon ya fara sanyi da ƙarfe biyu na rana, sai mu zauna kan ƙanƙara.