Zan Sayar da Gida: In Haɗa da Kayan Wuta ko In Sayar da Su Daban?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. An mayar da ni aiki Abuja, zan sayar da gidana da ke Tumfure a Gombe. A ciki akwai AC biyu, sola da batura huɗu, janareto, firji, firiza, da rijiyar burtsatse mai tanki. Dillali ya ce in bar komai yadda yake, wai gidan zai fi saurin shiga. Ni kuma gani nake kamar kyauta zan bayar. Me ka gani? Daga wani magidanci, Tumfure.

Amsa: Wa alaikumus salam. Alhaji, dillalinka bai yi ƙarya ba, sai dai shi so yake ciniki ya faɗa yau ya karɓi la'adarsa. Mai sayen gida kuwa unguwa yake saye, da faɗin fili da ingancin takardu. Ban taɓa ganin wanda ya ƙara miliyan don ya tarar da firiza a kicin ba. Zai dai yi godiya.

Amma ba komai ne za ka kwance ba. Malaman Malikiyya sun ce idan aka sayar da gida, duk abin da aka kafe a jikinsa ya shiga ciniki: ƙofa, kanta, tsanin da aka buga da ƙusa, har dutsen niƙan da aka gine. A kotunan zamani ma haka ne, abin da aka manne da ƙasa ƙasa yake bi, sai in an cire shi da sharaɗi tun farko. To taga, wayoyin bango, soket, kawunan famfo, ka cire ranka daga kansu. Injin sumo na cikin rijiya da tankin sama ma ka bar su. A Gombe, inda ruwa ke da nisa a ƙasa kuma ba kowace unguwa ruwan famfo na madatsar Dadin Kowa ke isa ba, rijiya mai aiki ita ce ke ɗaga darajar gida. A nan ne za ka riƙe wuta wajen farashi.

Rigimar kullum a kan AC da sola take. Mutum ya zo duba gida ana zafin Afrilu, ya zauna a falo sanyi na ratsa shi, ya taya da wannan sanyin a ransa. Ranar karɓar makulli ya tarar da rami a bango da guntun bututu yana lilo. Shi ya ce an cuce shi, kai ka ce ai ba a yi da kai za ka bari ba, kuma babu takardar da za ta raba ku. Don haka tun kafin dillali ya kawo mutum na farko, ka rubuta abin da ya shiga kuɗin gida da abin da bai shiga ba. AC da sola ka yanka musu kuɗinsu daban, ka fara tallata wa mai sayen gidan. Ko da ragi ne ka sallama masa, domin kwancewa ma kuɗi ce. AC sai mai gyara ya tattara iskar gas ɗin cikin na'urar waje kafin ya kwance, in ba haka ba ta zube sai an yi sabon ɗuri. Faifan sola kuma ɓuli yake bari a kwano, damina ta tona asiri. Baturan ruwa da suka sha zafin Gombe shekara da shekaru, ban ga hikimar biya musu kuɗin mota har Abuja ba.

Firji da firiza, ka fara tambayar kanka na wa ne. In cikin kayan ɗakin Hajiya suka zo, ba ka da ta cewa, dukiyarta ce. Magidanta da yawa sukan manta da wannan sai an kai ga surukai.

Wanda yake naka, irin janareto, ka sayar daban kuma da wuri. Wanda ya bari sai motar kaya ta tsaya a ƙofar gida, 'yan gwanjo sun ga idonsa, yadda suka taya haka zai sallama. Ka ɗauki hoto ka sa a WhatsApp, maƙwabta da abokan aiki sun fi sayen mutunci. Kowa ya gwada kaya a gabanka, a kunna firiza har ta yi sanyi, sannan kada komai ya fita sai ka ga kuɗin a asusunka, ba a saƙon waya ba.

Mitar wuta kuwa tana nan tare da gidan, ba a ƙaura da ita. Ka je ofishin JED, kamfanin rarraba wutar lantarki, ka duba ko akwai tsohon bashi a kanta, ka biya, a sauya suna. Jerin kayan nan kuma a liƙa shi a jikin takardar ciniki, ku sa hannu gaban shaidu, kafin a tafi GOGIS, hukumar kula da takardun filaye ta jihar Gombe, batun sauya sunan mai gida.