Amsar tambayarki kan bargon haɗe-haɗe

Wa'alaikumus salam 'yata, fatan kin tashi lafiya ke da maigidan da yaran. Saƙonki ya iso tun shekaranjiya, ban amsa da wuri ba saboda tambayar ba ta layi biyu ba ce, sai da na samu zama tukuna.

Kin ce kina so ki ɗinka bargon haɗe-haɗe, wato na ƙyallaye da ake harhaɗawa, irin wanda kakarki ta bar mana, wanda za ki ba 'yarki ita ma ta ba nata 'ya'yan, kuma kina tambaya wai dole ne sai da tsofaffin kayan iyaye ake yinsa kamar yadda aka saba ko za ki iya sayo sabon yadi, don kina tsoron kar a ce kin bar al'ada. To wallahi tambayar ta faranta min rai, har sai da na tashi na ɗauko bargon na shimfiɗa shi a kan gado ina kallo kafin na fara rubuta miki.

Ki sani al'adar nan ba ta mutanen gida ɗaya ba ce. A Bengal, wajen Indiya da Bangaladesh, mata na jera tsofaffin sari, wato zannuwan da suke ɗaurawa, su bi su da ɗinki, suna kiransa kantha, a Japan akwai wanda suke cewa boro, a Amurka ma matan Gee's Bend da ke jihar Alabama sun yi suna da haɗa bargo da tsofaffin kayan aiki. Babban abin da ya sa suke amfani da tsohon kaya shi ne a da yadi na da wuyar samu, ba a zubar da ƙyalle. Abin da ake gadarwa shi ne bargon da hannun da ya ɗinka shi. Saboda haka in kin sayo sabon yadi ba ki karya komai ba, ni ma shi zan ce ki yi, ki sa sabon yadi mai ƙwari ya zama jikin bargon, tsofaffin kayan kuma ki ɗan tsarma su kaɗan a inda ba sa shan wahala.

Dalilina kuwa yana nan a gabana. Bargon kakarki in kin lura akwai wasu ƙyallaye masu ruwan ƙasa-ƙasa a tsakiya da suka zama kamar gizo-gizo ya yi saƙa, auduga na leƙowa ta ciki, alhali na gefensu shuɗi da fari suna nan garau kamar jiya aka ɗinka. Waɗancan daga rigar da kakanki ya daɗe yana sawa aka yanko su, sun sha wanki sun sha rana tun kafin su shiga bargon, ƙarfinsu ya riga ya ƙare. Shuɗin kuwa ragowar sabon yadi ne. Allura ɗaya, zare ɗaya, hannu ɗaya, amma kin ga bambanci. Ana cewa da tsohuwar zuma ake magani, gaskiya ne, amma yadi ba haka yake ba, duk wankin da aka yi masa yana rage masa kwana.

Yanzu ga abin da za ki nema. Auduga zalla, ɗari bisa ɗari, mai saƙa a matse amma ba mai tauri kamar tamfol ba. In kin ɗauki yadi ki ɗaga shi sama wajen haske, in kina hango yatsunki ta bayansa sosai ki ajiye shi. Ki murza gefensa tsakanin hannayenki, in kika ga farin gari na zuba ko ya yi laƙwas nan take to sitati aka cika masa don ya yi kamar mai nauyi, wanki ɗaya zai tona masa asiri. Kar ki yarda da maganar baki kawai wai auduga ce, ki yanki ɗan zare daga bakin yadin ki kusantar da shi ga wutar ashana a kan faranti, da ruwa kusa da ke. Auduga tana ci da sauri, tana warin takarda da aka ƙona, ta bar toka mai laushi da za ki murje da yatsa. Mai roba kuwa narkewa yake ya dunƙule ya zama ɗan baƙin ƙwallo mai tauri, ga wari. Araha ba ta ado 'yata, balle a aikin da za ki kwashe watanni kina yi.

Abin da mutane da yawa ba su gane ba shi ne haɗa yadi mai nauyi da mara nauyi a bargo ɗaya. Ki haɗa jins da ɗan yadi shara-shara, duk sanda aka ja bargon ko aka wanke shi mai nauyin zai riƙa jan mara nauyin har ya kece shi a bakin ɗinki. Su zama kusan nauyi ɗaya duka. Siliki kuma dan Allah ki bar shi, na san yana da kyau yana ɗaukar ido. A shekarun 1880 matan Ingila da Amurka sun yi yayin haɗa bargo da ƙyallayen siliki da karan-miski, su ƙawata shi da surfani, to a lokacin masu masaƙa suna jiƙa siliki da gishirin ƙarfe don ya ƙara nauyi tunda da awo ake sayarwa, yau yawancin silikin nan ya farfashe ya zama gari, ba a iya ko taɓa shi. Amma akwai wani bargo da aka ɗinka a tsibirin Sisili a ƙarshen ƙarni na 14, da lilin aka yi shi aka cusa auduga a ciki, ana kiransa bargon Tristan, har yau wani ɓangarensa na nan a gidan tarihi na Victoria and Albert a Landan, wani kuma a Florence ta Italiya. Sama da shekara 600 kenan.

Kafin ki sa almakashi ki wanke kowane yadi daban-daban, ki shanya, ki goge. Auduga tana tsukewa a wankin farko, kamar kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari, in wani ya tsuke wani bai tsuke ba bayan kin gama ɗinki bargon zai karkace. Sannan ga zuba. Wannan kam na ɗanɗana, bargon farko da na yi wa yayanki na sa jan yadi da mai shagon ya rantse min ba ya zuba, ni kuma ban gwada ba, ranar da na fara wanke shi ina tsoma shi a ruwa na ga ruwan ya koma ja, duk fararen ƙyallayen suka rine, na zauna a bakin bahon nan hawaye na zubo min don wata huɗu na yi ina ɗinka shi. Tun daga ranar nake jiƙa ɗan guntun yadin in ɗora shi a kan farin ƙyalle in danna dutsen guga, in launi ya fito a farin to sai an sake wanki har ruwan ya fita fes, in ya ƙi dainawa a haƙura da shi. Ja da shuɗi mai duhu da baƙi su aka fi sa wa ido.

Zare ki sayi sabo na auduga mai kyau, mai lambar kauri 50 ya isa haɗa ƙyallaye. Kar ki yi amfani da tsohon zaren da ya shekara goma a gwangwani, ki ja shi da hannu biyu, in ya tsinke ba wuya ki bar shi. Ni na fi son zaren auduga a kan yadin auduga saboda in abu zai saki gara ɗinkin ya saki a sake bi, da yadin ya yage. Ki bar kwatan inci a bayan kowane ɗinki kar ki yi rowarsa, ɗinkin kuma ƙanana, kamar 10 zuwa 12 a inci ɗaya in da keke ne.

Abin da ake shimfiɗawa a tsakiya, tsakanin yadin gaba da shafin baya, auduga ko mai kashi 80 auduga 20 roba. Ulu yana da ɗumi ga rashin nauyi amma asu na sonsa, sai da kulawa. Na roba zalla mai araha da daɗewa zarurrukansa kan riƙa ɓullowa ta saman yadi kamar gemu. Kuma ki duba takardar da ke jikinsa, suna rubuta iyakar tazarar da za a bari tsakanin layukan ɗinki, irin audugar da sai an bi ta kusan kowane inci 2 in ba haka ba ta dunƙule guri ɗaya bayan wanki, na yanzu wasu har inci 8 suna ɗauka. Ni dai ko yaya ne matse ɗinkin nake yi, don shi ke riƙe shimfiɗa ukun nan su zama abu ɗaya. Shafin baya shi ma kar ki ce ai ba a ganinsa, shi ke gogar jiki da katifa kullum, ki sa masa yadi mai kyau kamar na gaba.

Bakin bargo shi ke fara mutuwa, nan hannu ke kamawa nan ke jan ƙasa. Ki yanko yadi mai faɗin inci biyu da rabi ki ninka shi biyu kafin ki kewaye bakin da shi, in kin yanka a karkace ma ya fi jurewa. Ki ajiye ragowar yadin a gefe, wata rana 'yarki za ta canza bakin ba sai ta nemo wani ba.

To batun zanin marigayiya mamanki da kika ambata, Allah ya jiƙanta da rahama, na san shi ne ainihin abin da ke ranki, kuma ba zan ce ki bar shi ba. Ki shimfiɗa shi ki nemi inda bai koɗe ba bai yi laushi ba, yawanci gefe-gefe ne, ba tsakiya inda ake zama a kai ba kuma ba kan layin ninki ba. Ki yanko ƙanana, ki yi wa kowanne shafi da siririn farin yadin auduga da kika riga kika wanke, sannan ki sa su can cikin bargon nesa da baki, ki yawaita ɗinki a kansu. Guda huɗu ko biyar sun isa, 'yarki za ta ɗora yatsa a kai ta ce wannan na kakata ne.

In kin gama ki ɗinka ɗan ƙyalle a kusurwar baya, ki rubuta sunanki da shekarar da zare, kakarki ba ta yi ba shi ya sa har yau muke gardamar shekarar da ta ɗinka nata. Wajen ajiya kar ki sa shi a leda, danshi zai taru ya yi fumfuna, kar kuma ya taɓa katako kai tsaye don yana bar masa tabo ruwan ƙasa, ki naɗe shi cikin farin zanin gado na auduga. Duk bayan wasu watanni ki fito da shi ki canza yadda kika ninke shi, wanki kuma jifa-jifa da ruwan sanyi da sabulu mara kaifi, ban da bilic, kar ki murɗe shi, ki shanya shi a kwance a inuwa.

Ki ɗauko min hoton zanin da rana a kusa da taga, gaba da baya, in gani in nuna miki inda za ki yanka. Kar ki sa masa almakashi sai mun yi magana. Ki gaida min yaran.

Gwaggonki