Hayar tsohon juji don wutar sola: ina ribar, ina haɗarin?

Tambaya: Na ji wasu garuruwan Amurka na ba kamfanoni hayar tsofaffin wuraren zubar da shara, su kafa farantan sola a kai. Me gari ke samu a ciki? Kuma ba ganganci ba ne a ɗora kayan lantarki a kan ruɓaɓɓiyar shara? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Malam, jujin da ake nufi ba irin bolar bayan gari ba ce mai hayaƙi dare da rana. Idan ya cika, akan rufe shi da yumɓu da leda mai kauri, a zuba ƙasa, a shuka ciyawa. Daga nan dokar tarayyar Amurka ta wajabta a ci gaba da kula da wurin har shekara 30: auna ruwan ƙarƙashin ƙasa, duba bututun da ke fitar da iskar gas ta metan, yanke ciyawa. Ba a gina gidaje, ba a noma. Fili ne da ke cin kuɗin gari bai mayar da ko sisi, don haka duk wanda ya zo da tayin haya, da wuya a ƙi saurarensa.

Birnin Annapolis na jihar Maryland ya ba da hayar tsohon jujinsa mai kimanin eka 80, tashar sola da aka kafa a kai ta fara aiki a 2018. A Houston kuwa, majalisar birni ta amince a 2021 da hayar jujin unguwar Sunnyside mai eka 240 a kan dala ɗaya tak a shekara. Kada dala ɗayan ta ba ka mamaki: abin da birnin ke nema shi ne wani ya ɗauki nauyin gyaran wurin da ya daɗe yana damun mazauna unguwar.

Batun haɗari kuwa, duk yana kan murfin nan. Muddin aka huda shi, ruwan sama zai ratsa shara ya gurɓata ruwan ƙasa, gas kuma ya sami hanyar fita. Shi ya sa ba a kafa turaku kamar yadda ake yi a fili na yau da kullum. Tubalan kankare ake jerawa a doron ƙasa, a ɗaure ƙarafan farantan a jikinsu, wayoyi ma su bi ta sama cikin bututu. Manyan motoci ba sa hawa yadda suka ga dama. Sannan shara na ci gaba da ruɓewa, ƙasa na lotsawa, wani wuri fiye da wani, don haka injiniyoyi sun fi son jujin da ya shekara goma ko fiye a rufe. Duk wannan na sa aikin ya fi tsada.

A ganina, inda gari ke cin riba ko ya tafka asara shi ne takardar yarjejeniya, wadda kan ɗauki shekara 20 ko fiye. Wa zai biya idan murfi ya tsage? Idan gyara ya taso, wa zai kwance farantan? Kamfani ya ajiye kuɗin jingina na kwashe kayansa ko da ya karye? Lauyan gari ya tsaya kan waɗannan kafin ya dubi kuɗin haya.

A wajenmu, yawancin jujin a buɗe suke, ba murfi ba bututun gas. Sai an fara kashe kuɗin rufe su kafin wani kamfani ya ɗora faranti ko ɗaya.