Koyon ginin bulon ƙasa: ci gaba ne ko komawa baya?

Tambaya: Ni magini ne, da bulon siminti na saba aiki. An ce mu je horo kan gini mai rage hayaƙin da ke ɗumama duniya, sai na ji ashe bulon ƙasa za a koya mana. Ba komawa zamanin tubali ba ne wannan?

Amsa: Malam, ka je, kada ka yi wasa da wannan dama. Ana gasa farar ƙasa da zafin da ya kai digiri 1,450 kafin a samu siminti, kuma masana'antarsa kaɗai ke fitar da kusan kashi 8 cikin 100 na iskar kabon a duniya. Bulon ƙasa da ake matsewa da inji kuwa siminti kaɗan yake ci, galibi kashi 5 zuwa 8 cikin 100, ɗakinsa kuma ya fi sanyi a bazara.

Amma matsa injin ba shi ne aikin ba, lebura ma zai iya cikin yini guda. Sanin ƙasa shi ne sana'ar. Za a sa ka zuba ƙasa a kwalba da ruwa, ka girgiza, ka bari ta kwanta: yashi ya sauka ƙasa, laka ta tsaya a sama. In laka ta yi yawa bulo zai tsage, in yashi ya rinjaya ya ruguje a hannunka. Sannan ba a shanya sabon bulo a rana. Lulluɓe shi ake yi da leda, ana yayyafa masa ruwa, sai ya yi kamar mako huɗu kafin a ɗora shi. Nan ne na fi ganin magina suna gaggawa, ginin ya lalace, a ɗora wa ƙasa laifi. Haka tushe: a ɗaga shi da dutse ko kankare, rufi kuma ya zarce bango saboda feshin damina.

Ga misali: a Dandaji ta jihar Tahoua a Nijar, masu zanen gine-gine Mariam Issoufou da Yasaman Esmaili sun zana masallacin da aka kammala a 2018 da irin wannan bulo, kuma da maginan yankin aka yi aikin.

Kafin ka ba da sunanka, tambayi masu horon ko za a yi gini na gaske a fili. In a ɗakin taro za a ƙare da takardar shaida kawai, nemi wani wurin.