Danshi ya addabe mu a jirgi, an ce mu toshe ko'ina mu kunna murhun gas

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni da maigidana muna zaune a cikin ƙaramin jirgin ruwanmu mai tafiya da iska. Mun ɗaure shi a marina, wato tashar ɗaure ƙananan jiragen ruwa, ta Las Palmas da ke tsibirin Giran Kanariya na ƙasar Sifaniya, muna jiran hunturu ya wuce mu ci gaba da tafiya. An ce mana nan babu sanyi, amma kullum da asuba ruwa ke ɗiga daga tagogi, ƙasan katifa ya yi funfuna, tufafi sun fara wari. Wani maƙwabci da ya daɗe a nan ya ce mu toshe kafofin iska da dare, mu kunna murhun gas mu kife kaskon shuka na yumɓu a kai don cikin jirgin ya bushe. Mun fara yi, sai dai yanzu ina tashi da ciwon kai da tashin zuciya. Maigida ya ce jirin teku ne kawai. Hankalina bai kwanta ba.

Amsa: Wa'alaikumus salam Malama. Hankalinki ya yi daidai da bai kwanta ba. Tun yau a sauke kaskon nan, a kashe gas daga kan tukunyar gas ɗin, a buɗe duk abin da aka toshe. Ku biyun ku je asibiti, ki faɗa wa likita a fili cewa kuna kwana da murhun gas a kunne a rufaffen wuri, domin idan ba ki faɗa ba zai iya ɗauka mura ce. In ɗayanku ya rikice ko ya kasa tashi, a fito da shi sarari a kira lambar gaggawa 112. Ki kuma tambayi maigida, da girmamawa: wane irin jirin teku ne yake kama mutum a jirgin da ke ɗaure, ya sake shi da ya fita ya sha iska?

Danshin kansa ba abin mamaki ba ne. A Las Palmas zafin rana a watan Janairu yana kaiwa wajen digiri 20, da dare ya sauka zuwa wajen 15. Jikin jirgi da tagogi da duk wani ƙarfe suna yin sanyi, ku kuma kuna ciki kuna numfashi, kuna girki, kuna shanya tawul. Tururin nan in bai sami hanyar fita ba, sai ya kwanta a wuri mafi sanyi ya zama ruwa.

Yanzu ga abin da nake fama da shi kusan kullum a aikin duba lafiyar jirage: wai wutar gas tana busar da cikin jirgi. Ƙarya ce tsagwaronta. Gas idan ya ƙone, ruwa yake haifarwa. Kilo ɗaya na gas ɗin girki yana fitar da fiye da kilo ɗaya da rabi na tururin ruwa. Wato maƙwabcinku ya sa kuna sayen gas da kuɗinku kuna ƙara jiƙa katifarku. Ɗumin da kuke ji na ɗan lokaci ne, iska mai ɗumi tana riƙe tururin, wuta na mutuwa ya sauko a bango fiye da na jiya.

Da a nan abin ya tsaya, da sai mu ce asarar kuɗi ce. Harshen wuta yana buƙatar iska. Idan an toshe kafofi, iskar shaƙa tana raguwa, ƙonewar ba ta cika, sai murhu ya fara fitar da wata iska mai guba da ake kira kabon monoksaid. Kife kasko a kai yana ƙara dagula lamarin, saboda yana danne wutar yana hana ta iska. Ki dubi cikin kaskon: in kin ga baƙin hayaƙi ya manne, ko kin lura harshen wutar ya bar shuɗi ya koma ruwan ɗorawa, to shaidar ke nan. Wannan iska mai guba ba ta da wari, ba ta da launi, kuma tana manne wa jini fiye da iskar shaƙa sau sama da 200. Alamunta na farko su ne ainihin abin da kika lissafa: ciwon kai, tashin zuciya, jiri, kasala. Mai barci ba ya jin komai, barcin kawai yake zarcewa. In kina da juna biyu, haɗarin ya fi yawa ga abin da ke cikinki.

Abin da ke ba ni haushi shi ne hujjar da ake kawowa: "Ai na yi shekaru ina yi, ban mutu ba." Kowace marina tana da irin wannan gwani, mai zama a bakin gada da kofin shayi yana raba fatawa kyauta. Jirginsa wataƙila tsoho ne mai yoyon iska ta ko'ina, shi ya sa Allah ya tsare shi. Naku mai yiwuwa ya fi nasa rufuwa. Ba shi zai ɗauki gawa ba, ba shi zai amsa tambayar kamfanin inshora ba. A Birtaniya, bayan mace-macen da aka yi ta samu a cikin jirage, tun watan Afrilun 2019 aka wajabta sanya ƙararrawar kabon monoksaid, wato na'urar da ke ƙara in ta gano wannan iska, a jiragen da ke yawancin koguna da magudanan cikin ƙasar. Mutane sun rasa rayukansu kafin a yi dokar, amma har yau ana yawo da dabarar kasko a Facebook kamar wata hikima.

Akwai haɗari na biyu a murhun da aka bari ba mai tsaro. In wutar ta mutu gas na ci gaba da fita, shi ya fi iska nauyi, gangarawa yake yi ya taru a ramin ƙasan jirgi, ƙarƙashin daɓe, inda babu ƙofar fita. Kashi biyu cikin ɗari kacal a cikin iska ya isa tartsatsin famfon kwashe ruwa ya tarwatsa jirgin. Don haka tukunyar gas ta zauna a akwatinta mai magudana zuwa waje, a duba kwanan watan da ke jikin tiyo, a gwada mahaɗai da ruwan sabulu, kar a kuskura da ashana. Haka kuma kada ku yarda da masu juye gas daga tukunya zuwa tukunya a bakin gada don tukunyarku ta wata ƙasa ce. Ku sayi wadda ake musanyawa a tsibirin tare da kan daidaita gas da ya dace da ita.

Maganin danshi kuwa mai sauƙi ne. Ku bar taga ɗaya a gaba, ɗaya a baya a ɗan buɗe dare da rana, iska ta ratsa. Tunda kuna da wutar lantarki ta marina, ku sayi na'urar tsotse danshi, ku kunna ta idan za ku fita, a lokacin ne kaɗai rufe tagogi yake da amfani. A ɗaga katifa da safe, a sa mata shimfiɗa mai raga a ƙasa, a bar ƙofofin kabad a buɗe, a goge funfuna da ruwan khal. Shanya a waje, girki da murfi a kan tukunya. Ranar da ƙurar Sahara ta taso, wadda mutanen tsibirin ke kira kalima, za ku so rufe ko'ina. Ku rufe, amma kada a kunna wuta a ciki sai an buɗe.

Sai ƙararrawar kabon monoksaid. Ki nemi mai ɗauke da lambar EN 50291-2, ita aka yi domin jirage da motocin kwana. Ki sa ta kusa da inda kuke kwanciya, daidai tsayin da kuke numfashi. Ta yoyon gas daban ce, ita a ƙasa ake sa ta. Ko kun daina kunna murhu da dare kuna buƙatarta, domin hayaƙin janareta ko injin maƙwabci yana iya shigowa ta tagarku. In ta yi ƙara, ku fita tukuna, bincike daga baya, kuma kada wanda ya cire mata batir don ta hana shi barci. Ki kuma daure ki gaya wa maƙwabcin nan abin da likita ya ce, domin ba ku kaɗai ya ba wannan shawara ba.