Hukuncin fim ɗin da aka fito a matsayin Annabi Nuhu da sauran Annabawa

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. Ina da shagon cajin waya, ina kuma tura wa mutane finafinai. Kwanan baya aka dame ni da tambayar "fim ɗin Annabi Nuhu" na Turawa, sai na nemo shi. Na tura wa mutane da yawa kafin na zauna na kalla da kaina. Can wajen ƙarshe na ga an nuna shi ya sha giya ya bugu, yana kwance ba tufafi. Jikina ya yi sanyi, na kashe. Malam, mene ne hukuncin irin waɗannan finafinai da ake ɗauko labarinsu daga Baibul? Kallon da na yi ya taɓa imanina? Kuɗin da na karɓa fa? Kuma na Annabi Yusuf da aka fassara da Hausa, wanda Musulmi ne suka yi shi, shi ma haka ne?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da sauran 'yan'uwansa Annabawa.

Ɗan'uwana, kwantar da hankalinka tukuna. Imaninka yana nan. Sanyin jikin da ka ji shi ne shaidarsa, domin wanda zuciyarsa ta mutu dariya zai yi ya ci gaba da kallo. Amma fim ɗin bai halatta a yi shi ba, bai halatta a fassara shi ba, bai halatta a tura shi ba. Ga dalili.

Fim ɗin da kake nufi shi ne Noah, wanda aka fitar a Amurka a 2014. Darren Aronofsky ne ya ba da umarni, Russell Crowe ya fito a matsayin Annabi Nuhu (alaihis salam). Wurin da ya tayar maka da hankali ba su suka ƙirƙire shi ba, yana cikin Littafin Farawa na Baibul, babi na 9, inda aka ce Nuhu ya dasa gonar inabi bayan ruwan Ɗufana, ya sha ya bugu, tsiraicinsa ya bayyana a cikin tanti. Sauran kuwa ƙari ne daga kan masu fim: wasu ƙattai na dutse da ke taya shi sassaƙa jirgi, wani sarki da ya laɓe a cikin jirgin, da Nuhu riƙe da wuƙa yana niyyar kashe jikokinsa mata biyu jarirai. Wannan ko a Baibul babu shi, shi ya sa Kiristoci da dama ma suka ƙi fim ɗin. Ka ga ƙarya hawa biyu ke nan: labarin da mu ba mu yarda da shi ba tun asali, sannan aka yi masa miya.

Dubi Nuhun da Alƙur'ani ya ba mu. Shekara 950 yana kiran mutanensa dare da rana, a ɓoye da bayyane. Allah ya kira shi "bawa mai yawan godiya". Da ruwa ya taso, ga ɗansa kafiri a gefe, bai ce Allah ya ƙara ba, cewa ya yi: "Ya ƙaramin ɗana, hau tare da mu." Uban da ke roƙon ɗa kafiri ya tsira, shi ne za a ba wa wuƙa a kan jarirai? Ko a nan littattafan biyu sun rabu, domin a Baibul matarsa da 'ya'yansa uku duk sun tsira, a Alƙur'ani kuwa ɗa ɗaya ya nutse, matar kuma an buga misalin kafirci da ita a Suratut Tahrim.

Labaran Banu Isra'ila, kamar yadda Ibnu Kasir ya bayyana a farkon tafsirinsa, kashi uku ne: wanda littafinmu ya gaskata, wanda ya ƙaryata, da wanda ya yi shiru a kansa. Hadisin Bukhari da ya ce "ku ba da labari daga Banu Isra'ila, babu laifi" a kan kashi na uku yake, wanda ba mu gaskatawa ba mu ƙaryatawa. Amma a ce Annabi ya bugu, ko Annabi Haruna ne ya ƙera maraƙin zinariya (Alƙur'ani ya ce Samiri ne), ko Annabi Dawud ya sa an kashe sojansa don ya auri matarsa, wannan kashi na biyu ne. Annabawa ma'asumai ne daga irin wannan ƙazanta, kuma duk wanda ya zauna karatun Ashafa ta Alƙali Iyad ya ji babin.

To idan aka cire giya da wuƙa, aka yi fim mai tsabta fa? Nan ne maganar take, kuma nan mutane suka fi ruɗewa.

Ranar da aka buɗe Makka, Manzon Allah (sallallahu alaihi wa sallam) ya ƙi shiga Ka'aba sai da aka kawar da hotunan da ke ciki. Daga cikinsu akwai na Annabi Ibrahim da Annabi Isma'il, an zana su riƙe da kiban ƙuri'a. Da ya gani sai ya yi mummunar addu'a a kan waɗanda suka zana, ya rantse cewa waɗannan biyun ba su taɓa yin ƙuri'a da kibau ba. Bukhari ya ruwaito shi daga Ibnu Abbas. Ka lura, Ƙuraishawa ba don wulaƙanci suka yi zanen ba, kakanninsu ne, alfahari suke da su. Amma da suka tashi zanawa dole su sa wani abu a hannunsu, sai suka sa abin da ke hannun kansu. Haka mai fim yake. Aya ta ce Annabi ya yi magana, ba ta faɗi yadda ya ɗaga gira ba, ba ta faɗi muryarsa ba, ba ta faɗi abin da ya ce wa matarsa da dare ba. Kyamara kuwa ba ta ɗaukar shiru. Duk gurbin da wahayi ya bari, marubucin fim zai cike shi da abin da ke kansa, ya sa a bakin Annabi. Jingina wa Annabi maganar da bai yi ba ƙarya ce, ko da maganar mai daɗi ce.

Sai fuska. Manzon Allah ya ga Annabi Musa a daren Isra'i, ya siffanta shi da mutum dogo mai duhun fata, kamar mazan ƙabilar Shanu'a. A fim ɗin 1956 Charlton Heston ne ya fito a matsayin Musa, a na 2014 Christian Bale ne, dukansu Turawa. A fim ɗin Bale, Exodus: Gods and Kings, har wani yaro aka sa yana yi wa Musa magana a madadin Ubangiji, subhanallah, kuma Masar ta hana nuna shi. Ɗan wasan da ya zama Annabi yau, gobe ɗan fashi ne a wani fim, jibi ana yawo da hotonsa a gidan rawa, kuma fuskar nan ce dai za ta faɗo wa mai kallo yana tsaye a sallah liman na karanta Suratu Nuh. Abin mamaki, shirkar farko a bayan ƙasa a cikin mutanen Nuhu ta fara, kuma ta hanyar siffa ta shigo. Ibnu Abbas ya ce Wadda da Suwa'a da Yagusa da Ya'uƙa da Nasra sunayen salihan bayi ne, aka kafa musu gumaka don tunawa, da ilimi ya gushe aka bauta musu.

Wasu masu halatta irin wannan fim na kafa hujja da hadisin Ibnu Mas'ud, inda ya ce kamar yana ganin Manzon Allah yana hikayar wani Annabi da mutanensa suka doke shi har jini ya zuba, yana share jinin daga fuskarsa yana cewa: "Ya Allah ka gafarta wa mutanena, ba su sani ba." Hadisin ingantacce ne, Bukhari da Muslim sun fitar da shi, kuma ina ganin ita ce hujja mafi ƙarfi a hannunsu. Sai dai wanda ya yi hikayar ma'asumi ne da wahayi ke zo masa, abin da ya faru ya faɗa, kuma babu sahabin da ya tashi daga wurin yana ɗaukar cewa ya ga fuskar wancan Annabin. Malami a kan mumbari ya nuna da hannu yadda Musa ya jefa sanda, babu laifi. Tsakanin wannan da sa gemun roba a ce "ni ne Musa" akwai tafiya mai nisa.

A kan haka manyan cibiyoyin Ahlus Sunna suka tsaya tun da daɗewa. A 1926, da aka ji cewa ɗan wasan Masar Yusuf Wahbi zai fito a matsayin Manzon Allah, malaman Azhar suka tashi tsaye har aka fasa. A 2010 Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa, ƙungiyar Musulmin duniya da ke Makka, ta jaddada haramcin fitowa a matsayin Annabawa. A 2014 Azhar ta fitar da sanarwa a kan wannan fim na Noah, ƙasashe irin su Ƙatar, Bahrain, Daular Larabawa, Indunusiya da Maleshiya suka hana nuna shi. Kuma ba a ware Annabinmu kaɗai ba, domin "ba mu rarrabewa tsakanin ɗaya daga Manzanninsa". Abin da ba za mu yarda a yi wa Muhammadu ba, ba za mu sayi wanda aka yi wa Nuhu ko Isa ba.

Na Annabi Yusuf kuwa, a Iran aka yi shi, ya fito a 2008, kashi 45. Malaman Shi'a na can suna sassauci idan an kiyaye ladabi, kuma gaskiya ba a yi shi da nufin cin mutunci ba, ba za a haɗa shi da Noah a ma'auni ɗaya ba. Amma illar farko tana nan. Suratu Yusuf aya 111 ce, mai tilawa yana gama ta kafin shayi ya huce sau biyu. Da me aka cike sa'o'i masu yawa haka? Na taɓa tambayar ɗalibai a Islamiyya abin da sura ta faɗa game da ƙarshen matar Aziz. Wata yarinya ta ɗaga hannu da ƙarfin hali ta ce ta tsufa ta makance, sannan Allah ya mayar mata da ƙuruciyarta Yusuf ya aure ta. Na ce a wace aya? Ta yi ta buɗe shafi tana nema. Babu shi a sura, kuma babu hadisi ingantacce a kansa, labarin masu ƙissa ne. A fim ta gani, ya shige mata cikin Alƙur'ani. Don haka shi ma ban ba ka fatawar tura shi ba.

Fim ɗin tarihi da ba a nuna Annabi ba, ba a yi muryarsa ba, ba a kuma ƙaryata nassi ba, wannan ƙofa a buɗe take. Wani ya fito a matsayin Fir'auna ko Jaluta ko Ƙaruna, babu ramuwar da za mu yi musu. Mai binciken da zai kalli fim irin na Noah don ya yi raddi, ya kalla gwargwadon buƙata. Maƙwabcinka Kirista da ke kallon fim ɗin Yesu na 1979, wanda aka fassara har da Hausa, a addininsa yana ganin halas ne. Ba ruwanka da zaginsa ko fasa masa talabijin. In magana ta haɗa ku, ka faɗa masa da kyakkyawan lafazi cewa girmama Isa ne ya hana ka kallo.

Kai kuma, ka goge fim ɗin daga kwamfutarka yau. Waɗanda ka tura wa, duk wanda ya dawo caji ka gaya masa abin da ke ciki, ka roƙe shi ya goge. Kuɗin da ka karɓa kafin ka sani naka ne, in ka ƙiyasta ka yi sadaka da shi ya fi tsabta. Abin da za ka karɓa bayan yau a kan irinsa haram ne. Ka yi istigfari a kan tura abin da ba ka duba ba, domin nan ne sakacinka yake, kuma daga yanzu duk fim ɗin da aka rubuta sunan Annabi a kansa, kada ya shiga wayar kowa ta hannunka.

Wallahu a'alam.